Yaya ga bayanin zuwa Istanbul ɗin da kuka tambaya

Salam Yaya, ya gida ya yara, ya jikin Hajiya? Na ga saƙonku tun shekaranjiya aiki ne ya sha kaina. Tunda dai kun yanke shawarar zuwa ku da Anti to bari in faɗa muku yadda abin yake tun daga tikiti, don masu zuwa sarin kaya kowa da abin da yake faɗa.

Jirgi dai in kuna son kai tsaye sai kun sauka Abuja ku hau Turkish Airlines, awa shida da ɗoriya kun iso. In kuma daga Kano kuke so to ko EgyptAir ta Alƙahira ko Ethiopian ta Addis, wani lokacin sun fi sauƙin kuɗi amma fa ku duba awa nawa za ku zauna jiran jirgi na biyu, don Anti da ciwon ƙafar nan zaman filin jirgi na rabin yini ba nata bane. Kuma dan Allah kar ku biya tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai biza ta fito. Ku duba ma wane fili za a sauke ku, guda biyu ne a garin, babban da aka koma a 2019 yana ɓangaren Turai, Sabiha Gökçen kuma yana ɓangaren Asiya, nisan da ke tsakaninsu ba kaɗan bane.

Abin da nafi so ku riƙe shi ne maganar tasi. Kar ku saba da ita. Wani direban zai ce mita ta lalace, wani ya zaga da ku gari, ga go-slow ɗin da ya fi na Legas cin rai da yamma. Kuna fitowa daga filin jirgi ku nemi injin da ake sayen Istanbulkart, kati ne ɗan ƙarami kamar na ATM, ku zuba masa kuɗi shikenan. Da shi za ku hau jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, da shi za ku hau taram (jirgin ƙasa mai bin titi), bas, har jirgin ruwa. Ba ciniki, ba "babu canji", ba a tsaya cika mota, ka ɗora kati ƙofa ta yi ƙara ka wuce. Wallahi duk sanda na tuna tsayuwar da muke a rana muna jayayya da ɗan adaidaita kan naira hamsin sai in yi dariya ni kaɗai. In a babban filin aka sauke ku, tunda kuna da akwatuna, bas ɗin filin jirgi na Havaist ya fi, akwai wanda yake kaiwa unguwar Aksaray, jirgin ƙarƙashin ƙasa na M11 yana da sauri amma sai an canza a Gayrettepe kuma tafiyar ƙasa a cikin tashar tana da tsawo.

Masauki ku kama a Laleli ko Aksaray kusa da layin taram T1, layin nan shi ne rabin yawon naku. Shi zai sauke ku a ƙofar Grand Bazaar, tsohuwar kasuwar garin, ya sauke ku Sultanahmet inda Aya Sofiya da Masallacin Shuɗi mai hasumiya shida suke fuskantar juna, ya gangara da ku Eminönü bakin ruwa. Aya Sofiya an mayar da shi masallaci a 2020, masu shiga kallo daga waje biya suke, don haka ku daidaita zuwanku da lokacin salla. Fadar Topkapı tana bayansa, can ne aka ajiye kayan tarihin da ake jinginawa Annabi (SAW) da sahabbai, takubba da sauransu, kuma ana karatun Alƙur'ani a ɗakin ba tsayawa. Ranar Talata a rufe take, Grand Bazaar kuma Lahadi, kar ku yi wahalar banza. Ku ware safiya guda don Eyüp, kabarin Abu Ayyub al-Ansari.

Za a tare ku da takardu ana tallar yawon teku da dala. Ku wuce. Ku hau jirgin ruwan 'yan gari daga Eminönü zuwa Üsküdar da katin nan, ruwa ɗaya ne, ana kawo shayi a ɗan kofin gilashi, yara suna jefa wa tsuntsaye gutsuren simit, burodinsu mai riɗi, suna cafewa a iska, cikin minti kaɗan kun bar Turai kun shiga Asiya.

Sai kaya. Maganar gaskiya arahar da ake faɗa ta da ce, kuɗinsu lira ta faɗi amma farashi ya bi ta da gudu, kuma a Laleli da dala suke lissafi. Ɗinki kam akwai kyau, abaya, kwat, takalmi, tawul, zannuwan gado, za ka ji bambancin a hannu. Amma Grand Bazaar kallo kawai, farashin 'yan yawon buɗe ido ne, wani mayafin ma Kantin Kwari ya fi araha. Sari sai unguwannin Merter da Osmanbey, su kuma ba sa son sayar da ɗaya ɗaya, jeri suke bayarwa daga ƙaramin size zuwa babba. In kaya sun yi yawa akwai masu kargo a Laleli da ke turawa Najeriya, a kilo suke auna, ya fi biyan kuɗin ƙarin kaya a jirgi.

Wuta ba a ɗaukewa, amma ruwan famfo yawanci ba a sha, na gora ake saye. Abinci halal ne kusan ko'ina sai dai salam yake ba yaji, Anti za ta yi ƙorafi tun ranar farko. Ku taho da yaji, ni ma a saka min kuka da daddawa dan Allah, kilishi kuma ku bar shi don ba a yarda a shigo da nama ba. In tafiyar ta kai Disamba ku nemi rigar sanyi mai kauri tun daga gida, ta harmattan ɗinmu ba za ta yi ba. Ku turo min hoton tikitin in kun saya in ga ranar, sai in nemi hutu a wajen aiki.