Daga Mosko: fentin da ka ce in duba maka

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce in duba maka ko fentin Rasha ya fi wanda kake saye a Sabon Gari, in kuma gano yadda masu zane suke cin abinci da sana'arsu a nan. To, na taka, ga abin da idona ya gani.

Fenti kam akwai shi. Wanda na fi gani a kantuna na masana'antar Nevskaya Palitra ne, ta birnin Sant Fitasbag, wadda take aiki tun 1934. Na mai a matse yake zuwa kamar man goge baki, ja kaɗai sai ka ƙirga iri-iri har ka gaji. Ƙyallen zanen ma an riga an ɗaure shi a katako an shafe shi da fari, burushi kawai za ka ɗora. Sai na tuna ka tsugune a ƙofar gida kana kafa buhu da ƙusa, kana tsinka fentin mota da fetur. Ciniki babu, kuɗin kaya yana manne a jikinsa. Na gwada neman ragi, matar kantin ta dube ni kamar na zage ta. Katin bankin gida kuwa ba ya aiki, tun 2022 Visa da Mastercard suka janye, sai katin Mir, wato nasu na Rasha, ko kuɗi hannu.

Abin da ya tsaya mini a rai gidan wani mai zane ne, Aleksandar Shilov. A titin Znamenka yake, in ka fito ƙofa ga ganuwar Kiremlin nan. An haifi mutumin a Mosko a 1943, yana nan da ransa. Ya yi karatu a makarantar zane ta Surikov, ya samu laƙabin mai zanen al'ummar Tarayyar Sobiyet a 1985. A 1996 ya kwashi zanensa sama da 350 ya ba gwamnati kyauta, ita kuma ta buɗe masa wannan gida da sunansa a 1997. Ka ji fa, mutum yana raye, gida guda ba a rataye aikin kowa sai nasa. Kai da ka zana Mai Martaba sau nawa, ina aikin yake yanzu? Yana shagon aski, rana tana cinsa.

Fuskokin mutane yake zanawa: 'yan sama jannati, limaman coci, tsofaffin sojojin yaƙin duniya na biyu da lambobinsu a ƙirji. Na fi daɗewa a gaban tsofaffin matan ƙauye. Akwai wata da ɗankwali, jijiyoyin hannunta sun fito raɗa-raɗa, fatar ta yamushe kamar ta Hajiya Babba in tana tsince wake. Na matsa har hancina ya kusa taɓawa, ban ga sawun burushi ba. Wasu ma da alli mai launi ya yi su. Akwai na 'yarsa Masha, wadda ta rasu a 1996 tana da shekara 16.

Ba kowa ke yabonsa ba. Maƙwabcina ɗan Rasha, da na ba shi labari, taɓe baki ya yi, wai aikin kyamara ne, kuma mutumin ya cika raɓar masu mulki. Ni dai ban biye masa ba, don na san a Kano wanda ya fito da kamannin mutum sak shi ake kira gwani. Amma gaskiya bayan ɗaki na huɗu idona ya ƙoshi, komai sumul, ba inda hannu ya kuskure.

Ƙananan masu zane kuma suna titin Arbat da kujerunsu, ka zauna su zana ka nan take da gawayi, ka biya. Waɗannan su ne sa'o'inka, kuma wallahi ba su fi ka hannu ba. Takarda mai kyau suka fi ka.

Na saya maka fentin mai kala goma sha biyu da burushi uku, zan ba wani ɗalibi da zai zo hutu. Ruwan tsinka fentin ne ba a yarda a shiga jirgi da shi ba, sai ka nema a nan wajenku. Ka gaishe da Inna.