Robar kulorin mai yawo a ruwa: tana aiki, amma a kula da ƙwayarta

Masu gidan gona ko gidan hutu da suka gina suwimin ful, irin wanda sai Juma'a da yamma ake zuwa a bar shi ranar Lahadi, wannan bayanin naku ne. Robar nan ce da ake zuba wa ƙwayar kulorin a sake ta tana yawo a saman ruwa, fara da shuɗi, tawa ko sunan kamfani babu a jiki, ƙirar Sin ce dai, a shagon masu kayan famfo na saya kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Namu ful ɗin yana wajen gari ta hanyar Zariya, yana cin ruwa wajen lita 40,000, duk sati ba kowa sai maigadi.

Matsalar da ta sa na neme ta kowa ya sani. Ka zuba garin kulorin ranar Lahadi ruwa garau, kafin ka dawo ya koma kore shar, bango yana santsi da gansakuka, yara sun zo da ɗokin wanka sai haƙuri. Rana ce ke cinye shi, kulorin da ba shi da kariya cikin awa biyu zuwa uku yawancinsa ya tafi, balle ranar Maris da Afrilu da zafi ke haura 40.

Toh robar gaskiya ta magance wannan. Ƙwaya biyu nake sakawa masu giram 200, a ƙasanta akwai wani zobe da ake murɗawa a buɗe ramuka ko a rage, ni rabi nake bari, in na dawo na gwada sai in samu kulorin yana tsakanin 1 zuwa 3 ppm (ma'aunin yawan sinadari a cikin ruwa kenan) wanda shi ake so, ƙwayar ta zaizaye saura ɗan guntu. Lokacin damina ko in hazo ya sauko ƙura ta cika ruwa sai na ƙara buɗe ta, don datti ma cin kulorin yake.

Inda nake so a tsaya a ji ni shine ƙwayar kanta, don mai shago ba zai faɗa maka ba, wataƙila ma shima bai sani ba. Sunanta trichlor, kusan kashi 90 cikin ɗari kulorin ce, kuma a cikinta akwai sinadarin cyanuric da ke kare kulorin daga rana, shi yasa take jure sati. Amma fa shi wannan sinadarin baya ƙarewa, baya bin iska, taruwa kawai yake a ruwa, duk 10 ppm na kulorin da ƙwayar ta bayar tana barin wajen 6 nasa. Ana son cyanuric ɗin ya tsaya 30 zuwa 50 ppm, in ya yi yawa sai kulorin ya yi sanyi, ka gwada ka ga akwai shi amma ruwa yana dishi-dishi gansakuka na fitowa abinta, mutum yaita ƙara ƙwaya yana ƙara ɓata lamarin. Maganinsa ɗaya a rage ruwan a zuba sabo. Don haka ni yanzu ƙwaya ta tsakiyar sati ce kawai, in muna nan garin kulorin da ake kira HTH nake amfani dashi, da daddare bayan an gama wanka, a narka a bokiti a zagaya dashi famfon da ke juya ruwan na aiki.

Don Allah kar a haɗa su, wlh wannan ba wasa bane. Garin da ƙwayar in suka haɗu waje ɗaya da ɗan damshi suna iya kamawa da wuta ko su fitar da hayaƙi mai guba, kar a zuba gari cikin robar, kar a ajiye su a bokiti ɗaya. Na zaunar da maigadinmu na ce masa Baba ko ludayin awo kowanne da nasa.

Sannan ƙwayar tana da tsami, tana jan pH (ma'aunin tsamin ruwa) ƙasa a hankali, shi kuma 7.2 zuwa 7.6 ake so, in ya faɗi ido zai riƙa zafi ƙarfen tsani ya fara ci. Ɗan akwatin gwaji dole ne, wanda ake jefa ƙwayar gwajin kulorin mai suna DPD ruwa ya zama ruwan hoda, minti biyu an gama. Kuma in ka ji ful yana warin kulorin sosai ba wai ya yi yawa bane, yawanci ya haɗu da gumi da fitsarin yara ne ya gaji, ƙari yake nema.

Abun da ban so ba a robar, murfinta baya kamawa da kyau, yaro ɗaya ya dira kusa da ita sai ta kife, shi yasa muke cire ta kafin a shiga, dama bai kamata a bar ta yara na wasa da ita ba. Iska kuma tana tura ta lungu ta maƙale wajen matakala ta kwana tana zuba waje ɗaya har fentin gurin ya koɗe, sai da na ɗaure ta da igiya daga gefe biyu ta tsaya tsakiya. Rana ma ta fara busar da ita tana tsatstsagewa, bana jin zata wuce shekara biyu.

Kuma in ruwa baya motsi aikinta rabi ne, saman ya sha kulorin ƙasa ba komai. Wutar NEPA a can sai a hankali, mu sola muka haɗa wa famfon da taima, wato agogon kunnawa da kashewa, yana tashi da kansa da rana ya yi awanninsa. Wanda ba shi da wannan ya fara gyara maganar famfo tukunna kafin ya sayi robar. Ni dai in ta fashe zan sake saye, amma mai murfin da ake murɗawa ya kulle zan nema.