Gauraka: maikrosatilait ko SNP?

Ɗan'uwa da ke tambayar wace alamar DNA (wurin da ake dubawa a DNA don gane bambanci da dangantakar tsuntsaye) za ka yi aiki da ita a kan gaurakin fadamar Argungu zuwa Yauri, ɗauki maikrosatilait kawai (gurbin DNA inda 'yan haruffa ke ta maimaituwa), ka bar SNP (bambancin harafi ɗaya tak a DNA).

Gauraka ta yi ƙaranci ƙwarai a Najeriya, ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ma ta sa ta cikin masu fuskantar barazana. Ba za ka kama talatin ka ɗebi jininsu ba, gashin da suka zubar a makwancinsu za ka riƙa tsinta. DNA ɗin irin wannan gashi a gutsuttsure yake, shi kuwa maikrosatilait ɗan guntun yanki yake bukata, harafi 100 zuwa 300, shi ya sa yake kamawa. Ɗaga gashin a hasken rana ka duba cikin karan: daidai inda geza ta fara akwai ɗigon busasshen jini. Nan DNA ya fi yawa, kada ka yanke gindin kaɗai ka yar da sauran. Kowane gashi da ambulan ɗinsa na takarda da ɗan silika mai tsotse damshi. Leda tana tara gumi, gashin ya yi fumfuna.

Gurbin maikrosatilait 10 zuwa 15 sun isa, da tsuntsu 25 zuwa 30 a kowane wuri in sun samu. Fara gwada firaman (guntayen DNA da ke nuna gurbin da za a kwafa) da aka riga aka ƙera wa wasu jinsunan gauraka kafin ka biya kuɗin sababbi. Inda ake tuntuɓe: idan DNA ya yi kaɗan, kwafi ɗaya cikin biyun da tsuntsu ya gada sai ya ƙi fitowa, ka ɗauka auren dangi ya yi musu yawa alhali ba haka ba ne. Maimaita PCR (hanyar ninka DNA a ɗakin gwaji) sau uku ga kowane samfuri, ka ƙara BSA (wani furotin na jinin shanu) saboda baƙin launin gashi yana hana PCR tafiya.

SNP yana ba da dubban gurabe, gaskiya ne, amma hanyar nemo su, wato ddRAD, sai da lafiyayyen DNA na jini, da kuɗi, da kwamfuta mai ƙarfi.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayar da gauraka. Duk inda aka kamo ta, dillali zai rantse maka ta fadamar nan ce. Samfuri ɗaya na ƙarya ya isa ya rikita maka sakamakon wuri guda. Haka masu kawo sinadaran PCR: duba ranar lalacewa, kuma in kwalin bai iso da sanyinsa ba, kada ka karɓa.