Gargaɗi ga masu sarin faifan CD emti a Jos

Assalamu alaikum. Wannan saƙo na masu ɗaukar karatu da wa'azi da waƙoƙin biki ne a gida, da malaman Islamiyya masu buga faifan musabaƙa ko na walimar sauka. Akwai wani mutum da ke tallan faifan CD emti a zaurukan WhatsApp na garin nan, katan-katan, a kusan rabin kuɗin da ake sayarwa a wajen Taminus. Ya riga ya cuci mutane a Gangare da Unguwar Rogo, ni ma kayansa sun shigo hannuna na gwada su. Ba zan kama suna ba, don sunan da ke kan lambar wayarsa daban, na asusun da ake tura masa kuɗi daban, kuma ba mamaki duka biyun na bayin Allah ne da ba su ji ba ba su gani ba.

Bakinsa akwai zaƙi. Zai ce da kai Alhaji ko Malam, ya ce shagonsa na Legas ya tashi, yanzu kowa ya koma filashi da memori, so yake ya rabu da ragowar kaya ko da faɗuwa zai yi. Maganar tana shiga kunne saboda rabinta gaskiya ce, kasuwar faifai ta ja baya ƙwarai. Amma har gobe akwai dattawan da rediyon motarsu faifai kaɗai yake ci, akwai masu rabon tafsiri sadaka da azumi, kuma su yake farauta. Sai ya nemi kafin alƙalami, ya ce za a ba direba kayan ka karɓa a tashar Bauchi Road, ka cika sauran kuɗin kafin ka tafi da su. Shago babu, rasit babu, wurin da za ka koma ka same shi babu.

Kayan suna zuwa, shi ya sa ake yarda da shi. Katan mai roba shida, kowace roba faifai ɗari, an naɗe ta da leda tsaf. Goman farko na sama lafiyayyu ne, da tambarin kamfani a jiki. Ka gwada ɗaya ya yi, ka tura cikon kuɗi. A tsakiyar robar ɓarnar take. A nan za ka tarar da faifan da an taɓa ɗora abu a kansa, wanda kuma CD-R ne, sau ɗaya ake rubuta shi, ba ya goguwa kamar CD-RW. Za ka tarar da farar roba zalla mai siffar faifai, irin wadda kamfani kan sa a sama don kare ƙura. Sauran kuwa rubabbu ne marasa suna, waɗanda in ka ɗaga su saitin rana sai ka ga haske yana ratsawa ta ƙananan huji, in ka goga farce a bayan sai azurfar ta ɓare.

Waɗannan rubabbun su suka fi ba ni haushi, domin ba nan take suke tona kansu ba. Faifai daga ciki yake fara rubutu, kusa da ramin tsakiya, ya yi ta zagayawa zuwa baki. Faifai mai arha a bakin yake gazawa, inda maganin da aka shafa masa bai zauna daidai ba. To ka ɗora karatu na minti 75, ka saurari farko ka ji tas, ka buga ɗari ka raba a masallaci. Sai mutum yana cikin mota a hanyar Bukuru, malam ya zo daidai inda zai warware mas'alar, murya ta fara tsalle, addu'ar rufewa ma ba a ji ta ba. Kai za a zarga, a ce aikinka ne ba kyau. Wasu faifan kuma suna bugawa lafiya, bayan 'yan watanni a cikin zafin mota su mutu ɗungurum.

Akwai ƙaryar da yake yi wa waɗanda suka ɗan san harkar. Yana cewa sabon Taiyo Yuden ne ɗan Japan, bana aka yi shi. Kamfanin nan ya daina yin faifai tun 2015, wani kamfanin Taiwan mai suna CMC Magnetics ne ya gaji fasahar. Duk wanda ya ce maka yana da sabon bugu daga Japan da wannan suna, ƙarya yake. Haka in an ce maka na kamfanin Verbatim ne mai AZO, wato wani irin maganin da ake shafa wa faifai, juya cikinsa, na gaske shuɗi ne sosai. In ka ga ruwan kore-kore mai haske, an manna masa sunan da ba nasa ba.

Masu na'urar ɗaukar sauti ta gida wadda ba ta haɗe da kwamfuta, ku ƙara kula. Da yawa daga irin waɗannan na'urori ba sa karɓar faifan kwamfuta, sai wanda aka yi don sauti, mai rubutun Digital Audio a tambarinsa. Mutumin nan yana ce wa kowa nasa yana shiga ko'ina.

In dole sai ka yi sari, kada kuɗinka su fita sai ka yage ledar da hannunka. Mai kayan ƙwarai ba zai hana ka ba. Zaro daga tsakiya da ƙasa, a roba fiye da ɗaya. Karkata cikin faifan a haske: wanda aka taɓa rubutawa za ka ga launin zoben ciki ya bambanta da na waje. Sa shi a kwamfuta ka duba ko 700MB ne, wato minti 80, don akwai tsohon yayi na 650MB mai minti 74 da yake cusawa. Manhajar ImgBurn kyauta ce, tana karanto lambar masana'antar da aka binne a jikin faifan, ko da yake masu jabu kan kwaikwayi wannan ma, don haka kada ka tsaya a nan. Cika faifan har baki, a gudu kaɗan kamar 16x, ka bar manhajar ta tantance abin da ta rubuta, sannan ka kai shi tsohon rediyon mota ka saurari ƙarshen. Kuma asalin abin da ka ɗauka ya zauna a kwamfuta ko filashi, kada faifai ya zama shi kaɗai ne ma'ajiyarsa.

Wanda abin ya riga ya faɗa masa, kada ya goge hirar WhatsApp ɗin, kada ya zubar da katan ɗin. Ya ɗauki hoton shaidar tura kuɗi, ya je bankinsa da wuri ya shigar da ƙorafi a rubuce, sannan ya kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa. In kun haɗu ku uku ko huɗu kun tafi tare, maganar ta fi nauyi. Direban da ya kawo kayan kuma a bar shi ya sha iska, saƙo aka ba shi, sai dai a karɓi lambar wanda ya ba shi katan ɗin a can tashar da ya yi lodi.