Gansakukar ruwa da ta kan dutse, wacce ta fi morewa?

Na je Gubi dam da damina na ɗebo gansakuka a hannu, santsi kamar miyar kuɓewa, dawowa kuma na ga wannan tabon toka-toka mai kore a jikin duwatsun Bauchi, shi ne laikin, wato haɗin naman gwari da gansakuka, kuma wallahi shi ma akwai gansakuka a ciki.

Ta ruwa ƴar kanta ce. Irin da ake kira Spirogyra, mai kama da zare, zarenta ya tsinke, kowane guntu ya ci gaba da girma, ba namiji ba mace. Irin da ake kira Chlamydomonas kuma ƙwayar halitta ɗaya ta rabu 2, 4 ko 8, ƴaƴan su fito da wutsiya biyu su yi ta iyo. Amma ruwa na janyewa, yawancinsu sun bushe.

Ta laikin fa, irin Trebouxia, zaman haya take a cikin naman gwari, tana amfani da hasken rana ta haɗa sukari shi yana sha, shi kuma yana kare ta daga zafin rana, sai dai ya danne mata rabuwa, ba iyo ba yawo, yaɗuwa sai ƴan ƙwayoyinta sun naɗe cikin zarensa kamar gari iska ta kwasa. Girma ƴan milimita a shekara.

Ni dai ta dutsen ta fi burge ni, rani ya gasa ta, yayyafi ɗaya ta farfaɗo.