Waye mahalicci a Shinto: ukun farko, ko Izanagi da matarsa?

Ɗan'uwa, ka ce wani wuri ka karanta Izanagi da Izanami ne suka halicci duniya a addinin Shinto na Jafanawa, wani wuri kuma aka ce Ame-no-Minakanushi ne, kana son sanin wanne ne daidai. Dukansu suna cikin littafi guda, Kojiki, wanda O no Yasumaro ya kammala a 712. Sai dai aikinsu ba ɗaya ba ne, kuma a ganina kalmar "halitta" yadda muka san ta ba ta zauna daram a kan ko ɗayansu ba.

Idan wanda ya riga kowa kake nema, to Ame-no-Minakanushi ne. Kojiki ya ce da sama da ƙasa suka fara bayyana, sai Minakanushi ya ɓullo a Takamagahara, filin can ƙololuwar sama, Takamimusubi da Kamimusubi suka biyo bayansa. Ka lura, sama da ƙasar sun riga su. Ba su ba da umarni wani abu ya samu ba, ba su da abokan aure, bayyana kawai suka yi suka ɓoye jikinsu. Shi Minakanushi ma daga wannan ambaton littafin bai sake bi ta kansa ba. Sauran biyun sun ɗan taɓuka daga baya: Takamimusubi yana cikin waɗanda suka turo Ninigi, jikan Amaterasu mai rana, ya sauko ya mulki ƙasa.

Izanagi da Izanami kuwa ƙannen baya ne, an yi zuriya-zuriya ta kami, wato ababen bautar Shinto, kafin su, amma su ne suka sha aikin. Manyan suka miƙa musu mashi mai ado da duwatsu masu daraja, suka tsaya kan gadar sama suka dama ruwan teku kamar mai dama kunu. Gishirin da ya ɗiga daga bakin mashin ya daskare ya zama tsibirin Onogoro. Can suka sauka suka yi aure. Da farko abin bai yi kyau ba, wai don macen ce ta fara magana da suka zagaya ginshiƙi, sai aka haifi Hiruko da nakasa, suka sa shi a jirgin ciyawa ruwa ya tafi da shi. Da suka sake, namijin ya fara magana, Izanami ta haifi manyan tsibirai takwas, Awaji ne ɗan fari. To ka ga haihuwa ce, ba ƙira ba. Kuma ƙasar Jafan ake magana, ba duniya baki ɗaya ba.

Ga inda suka fi bambanta da ukun farko: mutuwa ta taɓa su. Wajen haihuwar Kagutsuchi, kami na wuta, Izanami ta ƙone ta mutu. Mijin ya bi ta Yomi, ƙasar matattu, ya ga jikinta ya ruɓe, ya ranta a na kare, ya toshe hanya da ƙaton dutse. Ta ce kullum za ta kashe mutum 1,000, shi kuma ya ce zai gina ɗakunan haihuwa 1,500. Da ya fito yana wanka, Amaterasu mai rana ta fito daga idonsa na hagu, Tsukuyomi mai wata daga na dama, Susanoo daga hanci.

Wani abin da ke ƙara rikita mai karatu shi ne wani tsohon littafin, Nihon Shoki na 720. Shi wannan littafin ya buɗe jerin ne da wani kami, Kuninotokotachi, ya tura Minakanushi cikin ruwayoyin gefe, kuma a babbar ruwayarsa ma'auratan tare suka haifi Amaterasu.

Ɗaukaka Minakanushi zuwa matsayin mai kama da mahalicci, wannan aikin malaman baya ne, musamman Hirata Atsutane da ya rasu a 1843. Jerin wuraren bauta na littafin dokoki Engishiki na 927 ko guda bai ambata da sunan Minakanushi ba. Izanagi yana da nasa a Awaji, amma wurin da ya fi kowanne daraja a Shinto shi ne na 'yarsa Amaterasu a Ise, wanda ake sabunta gininsa duk bayan shekara 20.