Gajeriyar masarar nan mai goyo a ƙugu

Wannan irin da ake ta yayinsa a wajenmu nan Saminaka, na shuka shi bana a rabin gonata. Mai shagon ya ce masu binciken iri ne suka yi ta zaɓe da aure har goyon ya sauko. Ta gida takan yi goyo a ƙirji ko kafaɗar mutum, wannan kuwa da ƙyar take wuce ƙugu.

Ƙarshen Satumba aka yi wani ruwa da iska cikin dare, har kwanon ɗakin maƙwabcina ya yaye. Masara ta riga ta cika, ta yi nauyi. Ban iya jiran gari ya waye sosai ba, daga masallaci na zarce gona. Ɓangaren doguwar ya kwanta kamar an shimfiɗa tabarma, wasu karan sun karye daga gaɓa, wasu sun tuge da saiwarsu. Gajeriyar kuwa tana tsaye cak! Na bi kunya-kunya ina dubawa, ɗaiɗaiku ne suka ɗan karkace. Abin ba sihiri ba ne: idan nauyi yana ƙasa, iska ba ta samun abin da za ta yi lilo da shi. Kafin mu ɗaga wadda ta faɗi gara ta shige ta, wasu zangarnun da suka taɓa laka har sun fara tsiro. Ranar nan duk wanda na haɗu da shi sai na yi masa tallar irin nan kyauta.

To amma fa, ba wanda ya gaya mini zancen gafiya da kurege. Goyon da ya sauko ai su ma ya sauko musu. Layukan bakin gona sun ƙwaƙule su, sai totuwa a jikin kara. Akuya ma ba sai ta yi miƙewa ba. Wajen girbi 'yan ƙwadago suka ce sunkuyo ya yi yawa, sai na ƙara musu kuɗi. Karan kuma, abin da na tara wa shanu ko rabin na bara bai kai ba, ga rani na tafe.

Da na koma shagon da ƙorafi, sai cewa ya yi, "Alhaji, ai gara gafiya ta ci layi biyu da iska ta ci gona." Ya ƙara da cewa kada in ajiye iri daga wannan, tunda mai aure ne, baɗi sai na sake saye. Shi wannan bai faɗa ba sai da kuɗina suka shiga aljihunsa.